Ɗaki Tara

Ɗaki tara ne. Na sake ƙirga su da safe
ko dare ya haifi na goma.
Bai haifa ba.
Famfo ɗaya a tsakar gida, makewayi biyu,
murhu a ƙarƙashin rumfar kwano,
haya jika biyu a wata.
Sunaye kuwa sittin da uku a kayena,
da jan bik na rubuta su, shuɗin ya ƙafe,
sai ga shafin kamar an yi yanka a kansa.

Takarda tana tambayar adireshi.
Barmo ya dubi layin, ya dube ni:
“Rubuta, ƙarƙashin teburin mahauci, babbar kasuwa,
daga isha zuwa asalatu.
Ran da aka yi ruwa a tambaya wajen ƴan taya.”
Na rubuta. Layin bai isa ba,
na gangara da shi gefen takarda.

Mu biyar muka zauna a biron ƙungiya,
fanka na juya zafin Maradi daga wannan kusurwa zuwa waccan.
Muka yi wa wahala mudu:
takaba maki uku,
kowane yaro ɗaya,
rashin gaɓa biyu.
Nomau ya bar ƙafarsa a hanyar Ɗan Isa
tare da babur ɗin da ba nasa ba,
sai ta dawo masa maki biyu.
Hurera, wadda ruwan bara ya kwantar wa da ɗaki a Bagalam,
ta zo da ƴaƴa huɗu, muka rubuta huɗu.
Ta ce, “Da biyar ne.”
Babu layin da.

A kan Tsahara muka kai la’asar.
Tun da motar korarru ta sauke ta daga arewa
takan farka cikin dare da kururuwa,
tana kiran wani suna, tana neman ruwa.
Malam Ilu ya ce, “Gidan haɗaka ne fa.
Bango ɗaya za ta raba da mai jego.
In ta kori mutum takwas da barcinsu, wa muka taimaka?”
Ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ciwo ke nan.
Hajiya Laure ta gyara lulluɓi, ba ta dubi kowa ba:
“Kururuwa ma tana son rufi.
A ba ta na ƙurya, kusa da randa.”
Hannu uku sama, biyu ƙasa.
Ba zan faɗi inda nawa yake ba.

Lamba arba’in da ɗaya ɗan kawuna ne.
Inna ta aiko tun jiya, ba fura ba, magana:
“Jini ya fi tawada kauri.”
Da aka zo kansa na fita alwala,
na daɗe ina wanke ƙafa guda.
Na dawo an wuce.

Mun manna takarda a bango,
amma masu jira ba karatu suka zo yi ba,
ni aka ce in karanta.
Suna tara bai kai tsawon fatiha ba.
Na yi shiru, suka ci gaba da saurare,
suna zaton numfashi nake ja.

Barmo ne na goma.
Ya ce, “Na goma? Ashe na matso.”
Ya karkaɗe hularsa a gwiwa.
“Ka ajiye littafin nan a sama, yaro, gara ba ta da imani.”

Makullai tara, na miƙa su ɗaya ɗaya.
Hurera ta ƙulle nata a bakin zane, ƙulli uku.
Nomau ya tambaya ko dokin ƙofar yana da tsawo.

Da dare na yi sallama, Inna ta amsa wa rediyo.
Na shiga ɗakina, na tura sakata.
Shekara ashirin ina tura ta,
ban taɓa jin tana da ƙara haka ba.